Kwalbar Gado na Bakwai

Ƙarfe ɗaya da kwata na dare,
ruwan Kumasi na dukan kwanon ɗakin gwaji,
aka miƙo mini kwalba ta taga,
kwance cikin ƙanƙara.

Shekara tara ina wannan aiki.
Ban san fuskoki ba, lambobi na sani.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska,
to wanda kumburi ya rufe masa ido,
bututu a maƙogwaro, na'ura na ja masa numfashi,
wa za a tambaya?
Sai jini.

Na juya kwalbar don in rubuta suna.
Mutala Issaka.
Mutala na Aboabo,
mai keken nan mai ƙafa uku da madubi ɗaya,
wanda in na makara ba ya karɓar sidina,
wai in riƙe, bashi ne,
ran da ya kwanta ciwo na biya.
Tifar yashi ce ta same shi a mahaɗar Anloga.

Na'ura ta yi gunjinta, ta tofo takarda.
Laktet, tara da ɗigo biyu.
Tsamin da jini ke yi ke nan
in iska ta daina isa ga tsoka,
kamar kokon da ya kwana a buɗe.
Na mai lafiya ba ya wuce biyu.
Ƙwayoyin da ke toshe ɓaraka sun watse,
ƙoda ma ta fara noƙewa.

Na karanta wa Dakta Boakye ta waya.
Ya yi shirun nan nasa, sannan ya ce
a sake ɗiba da ƙarfe huɗu.
Shi ya koya mini tun ina sabuwa:
lambar farko sallama ce kawai,
ta biyu ke faɗin abin da ke tafe da baƙo.

Na fita neman ruwan zafi.
A kan benci, Mma Sakina,
takalminsa wari ɗaya a cinyarta.
Ta gane ni.
«'Yar gidan Malam Tahiru, ke ce mai duba jinin?
Me kika gani?»

Ba hurumina ba ne in faɗa.
Ko da hurumina ne, me zan ce?
Juma'ar da za ta yi kyau, in ji mutane,
tun daga Laraba ake gane ta,
amma ni na ga Laraba ta yi ƙarya.
Na ga mai goma sha ɗaya ya taka da ƙafarsa,
har ya aiko mana da doya daga Ejura.
Na ga yarinya mai uku da rabi
ba ta kai kiran assalatu ba.
Lamba ta san cikin mutum ɗari nawa za su tashi,
ba ta san su wane ne ba.

Na ce, «Mma, ana kan dubawa.»
Ta ce, «To, duba da kyau.»

Ƙarfe huɗu, bakwai da ɗigo takwas.
Na sake gwadawa, abin da ba na yi,
don kada son zuciya ya karanta mini.
Bakwai da ɗigo takwas.

Da gari ya waye, biyar da ɗigo ɗaya.
Ba albishir ba ne,
da sauran rina a kaba:
zazzaɓin kwana na uku,
ƙodar da ba ta yanke shawara ba.
Amma ruwa ya fara bin gangare.

Na miƙa littafi ga na safe, na fito.
A bakin ƙofar asibiti wani mai keke ya tsaya,
na hau, na biya, ya karɓa.

Yau da dare zan zauna kusa da taga.
Fatana ɗaya ne, in ga sunan nan a jikin kwalba.
Wanda ya tafi
ba a aiko da jininsa.